Amsoshin Tambayoyinku: Inji Yana Tashi, Ruwa Ba Ya Hawa

Tambaya: Ina noman rani a fadamar Miga da tsohon injin ban-ruwa mai inci 3 da na gada wajen mahaifina. Ja ɗaya yake tashi, amma sai ya daɗe bai jawo ruwa ba, in ya jawo kuma ya riƙa tofarwa yana yankewa. Bakanike ya canja filogi, ya wanke kafireto, duk a banza. In sayar in sayi sabo ne? Daga wani manomi a Miga, Jihar Jigawa.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari. Malam, dakata da maganar sayarwa. Injin da ke tashi da ja ɗaya ba shi da ciwon filogi. Abu biyu aka haɗa a jiki ɗaya, injin fetur mai juyawa da kan famfo mai fanka a ciki, kuma duk alamun da ka faɗa na ɓangaren zuƙar ruwa ne.

Fankar nan ruwa kaɗai take iya wurgawa, iska ba ta kama mata. Idan ta wurga ruwan da ke cikin kai, sai nauyin iskar sararin sama da ke danne ruwan rijiya ya turo wani ya cike gurbin. Wannan turin yana da iyaka. A lissafi bai wuce mita 10 da ɗan kai ba, a aikace kuwa sabon inji ma mita 7 zuwa 8 yake iyawa, balle tsoho. Shi ya sa huda ƙanƙanuwa a mesar zuƙa take kashe aikin yini guda. Abin da ke ruɗa mutane shi ne hudar ba ta ɗiga yayin da inji ke aiki, shaƙar iska take yi.

Ka fara da gwajin da ba ya cin kuɗi. Kai injin bakin kogi ko gindin duro, ka aro gajeriyar mesa mai lafiya, ka cika kan famfon da ruwa har ya tumbatsa, ka tayar. In ya feso da ƙarfi, laifin yana mesarka ko rijiyarka. Mayar da shi gona, yana cikin aiki ka riƙa tsiyaya ruwa a kan kowace mahaɗa. Inda ka zuba ka ga feshi ya ƙaru, nan ɓarakar take. Duba robar cikin mahaɗa, da ta murfin zuba ruwa, da leɓen robar da ke bakin shiga, wanda ke hana ruwa komawa. Rana da shekaru suna busar da su.

In ya kasa a gwajin, leƙa tsakanin kan famfo da inji. Ɗigar ruwa a wurin na nufin sil ɗin da ke tare ruwa a tsakaninsu ya tafi, kuma abu biyu ke cinye shi, tayar da inji babu ruwa a kai, da yashi. Yashin fadama yana cin haƙoran fanka ma. A canja sil ɗin duka ɓari biyu, da hannu mai tsabta.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗeja ya danganta da abin da aka sako daga sama, kuma rijiyoyin fadama suna ja da baya a Maris da Afrilu. Idan ka ji kan famfo yana ƙara sai ka ce ana niƙa tsakuwa a ciki, ruwa ya yi masa nisa. Haƙa rami mai faɗi, zurfin mita 1 zuwa 2, ka saukar da injin. Amma ina roƙonka, kada kai ko yaranka ku zauna cikin ramin alhali inji na aiki. Hayaƙin fetur yana taruwa a wuri mai zurfi, yana kisa.

Wajen sake haɗi, mesar zuƙa ta zama mai haƙarƙari wadda ba ta shafewa, inci 3 daidai da bakin injin. Rage ta zuwa inci 2 don sauƙin kuɗi shaƙe inji ne. Ta zama gajeriya, tana hawa a miƙe babu doro inda iska za ta maƙale. A kogi ka sa mataci a bakinta, ka nitsar da shi kamar rabin mita, ka ɗaga shi daga laka. Ka bar naɗe mahaɗa da robar tsohuwar taya, kilif biyu za ka ɗaure. Mesar fitarwa kuwa shimfiɗaɗɗiya ta isa, muddin ba ta lanƙwashe ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, duk mintin da inji ya yi yana shan iska kuɗi ne ke ƙonewa, don haka gyaran ya fi gaggawa. Sayarwa sai in kan famfon ya tsage, ko sandar fanka tana lilo, ga inji kuma yana shan baƙin mai yana hayaƙi. In gwajin duro ya ba ka wata alama dabam, ka sake rubuto mana da zurfin rijiyarka da tsawon mesarka.