Yadda Ake Auna Bayanin da Ake Rubuta wa Ɗan Aiken Kwamfuta

Babu wanda bai san aike ba. In aka ce wa yaro ya je kasuwar Tudun Wada ya sayo gero, in mai hankali ne sai ya tsaya ya tambaya, "Baba, tiya nawa, kuma a wurin wa?" To, yanzu an sami wani irin ɗan aike wanda ba mutum ba ne, watau manhajar ƙirƙirarriyar basira.

Lokacin da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba 2022, amsa tambaya kawai yake yi. A watan Yuni 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja hanyar da za su haɗa shi da kayan aiki, wato ƙananan manhajoji masu duba yanayi, ko aika wasiƙa, ko biyan kuɗi. A watan Nuwamba 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP domin a riƙa yin wannan haɗi ta hanya ɗaya. Abin lura shi ne, ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin. Sunansa kawai ake nuna masa, da 'yan layuka na bayani, da jerin abubuwan da zai cike. Da waɗannan yake yanke shawarar wanda zai ɗauka. Kun ga ke nan in bayanin ya gurgunce, aikin ma ya gurgunce.

Alal misali, a ce wani ya rubuta, "Wannan yana ba da yanayin gari. A sa sunan wuri." Da ganinsa ka ce ya isa. Amma sai mutum ya ce yana son ya san ko za a yi ruwa gobe a Tudun Wada. Wace Tudun Wada? Akwai tamu ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Jos da ta Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a Jihar Kano. Yaro zai dawo ya yi tambaya. Ita kuwa manhaja sau da yawa sai ta zaɓi ɗaya, ta kawo amsa da ƙarfin gwiwa, ba ko kunya. Da marubucin ya ce a sa unguwa da gari da jiha, in babu ɗaya a tambayi mai aiken, da an huta.

Haka batun ma'auni yake. In bayani ya ce "farashi" ya yi shiru, na tiya ne ko na buhu? Naira ce ko kwabo? Kada a raina wannan. A watan Satumba 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana ba da lissafi da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa kuma tana zaton na mita ne. Manyan masana ne fa suka yi wannan, balle ɗan aiken da layi uku kawai aka ba shi.

A ganina abin da ya fi kome muhimmanci shi ne bayani ya faɗi abin da zai biyo baya. Duba kuɗin da ke asusu dabam, tura su dabam, don na biyun ba ya dawowa. Dole a rubuta haka ƙarara, a kuma ce sai mai kuɗin ya yarda. In akwai kayan aiki biyu masu kama da juna, kowane ya faɗi inda ba a amfani da shi. Yawan surutu ma aibi ne, domin ɗan aiken yana karanta bayanan duka kafin ya zaɓa.

To, yaya ake gwadawa? Masu sana'ar sukan shirya aike iri iri, masu sauƙi da masu ruɗarwa, su ba manhajar, su ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan da ya dace ta kuma cike shi daidai. Sai su gyara kalma ɗaya ko biyu su sake. Mu ma muna iya yin haka a aji ba tare da kwamfuta ba. Ka rubuta bayanin, ka miƙa wa abokinka wanda bai taɓa ganin kayan ba, ka hana shi tambaya. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, nan ne gyara yake.

Akwai kuma bayanin da ba kuskure ne a cikinsa ba, mugunta ce. A watan Afrilu 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, a ce wa ɗan aiken ya kwaso asirin mai kwamfutar ya aika waje, alhali shi mai ita gajeren suna kawai yake gani a allonsa. Saboda haka mai dubawa sai ya buɗe bayanin gaba ɗaya ya karanta, ya kuma san wanda ya rubuta shi, kafin ya haɗa shi da na'urarsa.