Karatun Gida da Abin da Doka Ta Ce

Akan sami magidanci a Kwanar Dangora, ko a ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, wanda ya ɗauko malami yana karantar da 'ya'yansa a zaure, yana tsammani ya sauke nauyi. To, a wajen doka bai sauke ba.

Dokar ilmi ta Nijeriya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya ga yaronsa ya gama firamare, shekara 6, da ƙaramar sakandare, shekara 3. Wanda ya ƙi, karo na fari a ja masa kunne. Na biyu tarar Naira 2,000, ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu.

Kowace ƙasa da tata ƙa'ida. A Ingila dokar 1996 ta yarda iyaye su koyar a gida. A Faransa tun 2022 sai da izinin hukuma. A Jamus kuwa an hana.

Saboda haka karatun zaure abu ne mai kyau, amma ba ya tsayawa a madadin makaranta. Wanda ɗansa ya kai shekara 6, sai ya kai shi wurin hedimasta a rubuta sunansa.