Iskar Da Ke Fasa Kwalbar Zuma

Masu amya da 'yan kasuwa da yawa suna kuka, wai sukan ɗura zuma a kwalba, bayan 'yan makonni su tarar ta yi kumfa, murfi ya tashi, wani sa'i ma kwalbar ta fashe. To, ga dalili, ga kuma magani.

Kumfar zuma iri biyu ce. Ta fari iska ce kurum da ta shiga wajen matsa da tacewa, ba ta da lahani. Ta biyu ita ce mugunya. A cikin zuma akwai ƙwayoyin yisti waɗanda ido ba ya gani. In ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 17 cikin 100 ba, ba su iya aiki. In kuwa ya kai kashi 20, sai su farka, su ci zaƙin, su yi ta fitar da iska irin ta lemon kwalba, har zumar ta yi tsami. Iskar nan takan ɓuya a cikin zumar, zafin rana ya taso ta, in ba ta sami ƙofa ba sai ta nema da ƙarfi.

Saboda haka, ya kai manomi, kada ka ɗebi saƙa sai wadda ƙudan zuma suka toshe bakinta da kaki, gama ita ce nunanna. Wadda ba a toshe ba, girgiza ta. In ta ɗiga, ruwa ya yi mata yawa.

Bayan ka tace, zuba a busasshen mazubi, ka rufe, ka bar ta kwana 2 ko 3. Kumfa za ta taso sama, ka kwashe, sa'an nan ka ɗura. Da damina lalle a rufe sosai, don zuma tana shan laima.

In ka ga kumfa tana sake tasowa, sa mazubin cikin tukunyar ruwan zafi, ba bisa wuta ba. Zafin zumar ya kai digiri 63 na Salsiyas har rabin sa'a, kana motsawa a hankali. Wannan zai kori iskar, ya kashe yistin. Kada ta tafasa, gama za ta yi baƙi, ƙanshinta ya gudu. Irin wannan a sayar da ita da wuri.

Wadda ta riga ta yi tsami kuwa, zafi ba ya komo da ita. Kada ka gauraya ta da mai kyau. Mai saye in ya cutu sau ɗaya, ba ya dawowa.