An Ba Ni Gurbi, Amma Ba Zan Je Ba

Tambaya: Malam, sunana ya fito a wata jami'a a nan gida, sai kuma ga tallafin karatu a Masar ya samu, kuma can nake so. Aminin babana ne ya yi ta zirga-zirga a kan maganar gurbin na nan gida. Yaya zan yi in ƙi karɓa ba tare da na ɓata masa rai ba? Ko in yi shiru kawai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, kada ki yi shiru. Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ke tafiyar da ba da gurbi ta manhajarta ta CAPS, inda ɗalibi ke da zaɓi biyu, ya karɓa ko ya ƙi. Kowane sashe na jami'a yana da adadin ɗaliban da aka yarje masa ya ɗauka. Muddin sunanki na rataye, ba ki karɓa ba, ba ki ƙi ba, kujerar tana ɗaure da ke, alhali akwai wani yaro can da ya ci makin, yana leƙa wayarsa safe da yamma.

Sai dai kada ki yi gaggawar danna ƙi. Ki bari takardar Masar ta zo hannunki, a rubuce, har maganar biza ta kama hanya. Na sha ganin waɗanda suka saki reshe suka kama ganye, shekara ta wuce su a gida, kuma abin yana yi mini ciwo.

Maganar aminin babanki kuwa ba ta waya ba ce, balle saƙon WhatsApp. Babanki ne zai fara sanar da shi, tunda su ne tsara. Bayan nan ki shirya ki je gidansa da kanki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce: "Baba, wahalar da ka sha a kaina ba ta faɗi ƙasa ba. Allah ya buɗe wata ƙofar, na zo neman albarkarka." Kada ki kushe jami'ar ko kwas ɗin da aka ba ki, domin shi ya nemo. Kada kuma ya fara jin labarin a bakin wani, wannan shi ne abin da ke ƙona ran dattijo.

Idan makarantar ta riga ta aiko miki da takardar shaidar gurbi, ki rubuta wa magatakardarta gajeriyar wasiƙa: godiya, lambar rajistarki ta JAMB, da cewa ba za ki samu zuwa bana ba. Ba sai kin zayyana dalili ba.