Zaman Ƙetare da Abokin Aure da Haƙƙin Jefa Ƙuri'a

Ya kai sabon mai zaɓe, sharaɗin farko na yin rajista shi ne ka kasance ɗan Nijeriya. Idan aure ya kai ka ko iyayenka zama a Saudiyya ko Jamhuriyar Nijar kafin ku dawo Maitumbi, ya kamata ka san matsayinka.

Idan mahaifinka ko mahaifiyarka ɗan ƙasa ne, sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauke ka ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, ko da a Jidda aka yanke maka cibi. Daɗewa a waje ba ta rage wannan matsayi.

Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista a ƙarƙashin sashe na 26, wanda bai ƙayyade adadin shekarun zama ba. Ana buƙatar halin kirki, da bayyananniyar niyyar zama a Nijeriya, da rantsuwar biyayya ga ƙasa. Sai dai aure kaɗai ba ya mai da ita 'yar ƙasa, sai ta nema an amince.

Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya kuwa bai sami wannan sauƙi ba, abin da masu fafutukar haƙƙin mata suka daɗe suna kuka da shi. Hanyarsa ita ce sashe na 27: ko dai zaman shekara 15 a jere, ko kuma wata 12 a jere gab da neman, tare da zaman da jimillarsa ta kai shekara 15 cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni. A nan ne tafiya take yin tasiri, domin sashen bai lissafa zaman ƙetare a matsayin zama a gida ba, ko da tare da matarsa aka yi shi. Misali, wanda ya shekara 10 a Maitumbi, ya bi matarsa waje shekara 4, to bayan dawowarsa sai ya ƙara shekara 5, sannan wata 12, kafin lissafinsa ya cika. In rashinsa ya zarce shekara 5, shekarunsa na farko za su fara fita daga lissafi. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar takardun, ba Hukumar Zaɓe ba.

Ko ta wace hanya ka zama ɗan ƙasa, sashe na 77 ya buƙaci ka cika shekara 18, kuma kana zaune a Nijeriya lokacin rajista. Dokar Zaɓe ta ƙara da cewa ka bayyana da kanka a wurin da kake zaune, ko kake aiki, ko asalinka yake. Mazauna Maitumbi sai su tuntuɓi ofishin INEC na Ƙaramar Hukumar Bosso. Wanda ya yi rajista kafin tafiyarsa kada ya sake, domin rajista biyu laifi ne. Sauyin rumfa zai nema idan ya canja mazauni.