Darasi: Gani Ya Kori Ji

Ya kai ɗalibi, ka sani malamai sun kasa yaƙini gida uku. Ka ji labarin wuta, wannan shi ne ilmul yaƙini. Ka gan ta da idonka, ainul yaƙini. Ta ƙone ka kuwa, haƙƙul yaƙini ke nan.

Dubi Malcolm X, wani baƙar fata ɗan Amurka. Ya yi shekaru yana shelar cewa Turawa shaiɗanu ne. An sha gaya masa Musulunci ba ruwansa da launin fata, maganar ba ta shige shi ba. Sai a 1964 ya je aikin Hajji, ya ci kwano ɗaya da fararen fata, suka yi salla sahu ɗaya. Ya koma gida da wata zuciyar dabam.

To, karatu guzuri ne, a riƙe shi da kyau, amma bai kai ɗanɗano ba. Saboda haka in abokinka ya rasa mahaifiya, kada ka ce masa, "Ai na san zafin abin." Ba ka sani ba tukuna. Zauna kusa da shi, ka yi mata addu'a.

Aikin gida: tambayi Baba ko Inna, mene ne ba su gane ba sai da ya same su?