Darasin Wannan Mako: Kowace Taliya da Irin Miyarta

A wannan makon allonmu ya leƙa kicin.

Idan aka aike ka shago sayen taliya, mai shago zai tambaye ka: doguwa ko makaroni? Da yawanmu muna ɗauka duk ɗaya ne, bambancin a ido kawai yake. Kullun kam kusan ɗaya ne, amma siffar tana da aikinta. Ita ce ke nuna irin miyar da taliya za ta riƙe, da mintocin da za ta yi a kan wuta. Wanda bai san haka ba shi ne yake sauke tukunya ya tarar abinci ya caɓe, ko ya ga taliya gefe guda miya gefe guda, ga kuɗin cefane sun tafi.

Da me ake yin ta?

Busasshiyar taliyar leda ana yin ta da ruwa da tsakin wata alkama mai tauri da ake kira durum. Wannan alkama tana da sinadarin gina jiki mai danƙo, shi ya sa taliyarta ba ta saurin narkewa a tafasasshen ruwa. A masana'anta inji ne yake matsa kullu ta cikin faranti mai huji-huji, siffar hujin kuwa ita ce siffar taliyar da za ta fito. Namu injin taliyar murji na gida shimfiɗa kullu yake yi, ya yanka shi zare-zare, sannan a shanya.

Ƙasar da ta yi fice a wannan sana'a ita ce Italiya. Tun a shekarar 1154 masanin taswirar duniya Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Tarabiya na tsibirin Sisili ana yin wani abinci na gari mai kama da zare, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa wasu ƙasashe. A shekarar 1967 Italiya ta yi dokar da ta wajabta yin busasshiyar taliya da alkamar durum. Saboda haka sunayen da muke gani a jikin leda yawancinsu Italiyanci ne, kuma kusan kowane suna yana bayyana siffa.

1. Dogaye sirara

Nan ne supageti take. Sunanta ya fito daga kalmarsu ta siririyar igiya. 'Yan uwanta su ne vermicelli da linguine, wadda take a ɗan baje. Jikinsu sumul yake, don haka miya mai laushi suke so, wadda za ta lulluɓe kowane zare: miyar tumatir, ko mai da tafarnuwa da barkono. Manja da yajin da muke zuba wa taliyar murji kan wannan ƙa'ida yake. Idan ka sa manyan yankan nama ko karas, zamewa za su yi su taru a gindin kwano.

2. Masu faɗi

Tagliatelle tana kama da siririn ƙyalle, kuma a yankin birnin Bolonya da ƙwai ake kwaɓa ta. Faɗinta ne yake ba ta damar ɗaukar miyar niƙaƙƙen nama mai kauri. Lasagne kuwa falle-falle ce. Ana jera ta hawa-hawa, falle ɗaya, miya da cuku, wani fallen a kai, sannan a gasa.

3. Masu rami

Makaronin da muka saba da shi a nan yake, tare da penne da rigatoni. Penne na nufin alƙaluma, domin an yanke bakinta a karkace kamar alƙalamin kara na makarantar allo. Miya tana shiga ramin ta zauna, zanen da ke bayanta kuma yana riƙe saura. Waɗannan su ne suka dace da miya mai gutsi-gutsin nama, wake ko kayan lambu. Suna jure juyi, shi ya sa ba sa saurin farfashewa a dafa-duka.

4. Murɗaɗɗu da masu lungu

Fusilli a murɗe take, sunanta daga mazari ne, wanda ake kaɗi da shi. Farfalle na nufin malam-buɗe-littafi, conchiglie kuma kamar ƙwanson katantanwa take. Lungunansu suna kama miya da ƙananan kayan haɗi. Ko sun huce ba sa rasa siffarsu, don haka da su ake haɗa salak. Lura: tsakiyar farfalle ta fi fukafukanta kauri, a nan za ka duba ko ta dahu.

5. Ƙanana

Risoni kamar ƙwayar shinkafa take, stelline kuma kamar taurari. A romo ake zuba su, a sha da cokali. Suna da sauƙin ci ga yara da mai jinya.

Ƙa'idojin dafuwa

Na ɗaya, ruwa mai yawa. Awon da aka saba shi ne lita 1 ga giram 100 na taliya, da gishiri kamar giram 10. Leda mai giram 500 ke nan tana son lita 5.

Na biyu, kada ka zuba taliya sai ruwa ya tafasa sosai, kuma ka juya ta a mintin farko don kada ta manne.

Na uku, karanta mintocin da ke jikin leda, domin siririya ta fi mai kauri saurin dahuwa. Kada ka haɗa iri biyu a tukunya ɗaya: kafin penne ta dahu, siririyar ta zama kunu.

Na huɗu, ɗanɗana kafin ka sauke. Italiyawa suna son ta dahu amma da ɗan ƙarfinta a haƙori, shi suke kira al dente. Ka tuna zafin jikinta yana ci gaba da dafa ta bayan an tace.

Na biyar, idan da miya mai zafi za a ci, kada ka ɗauraye ta da ruwan sanyi. Sitacin da ke jikinta shi ne yake sa miya ta kama. Ɗauraya ta mai salak ce.

Gwada kanka

1. Me ya sa penne ta fi supageti dacewa da miya mai wake da nama?
2. Lita nawa na ruwa ake buƙata don dafa giram 300?
3. Wace taliya za ka zuba a romon kaza, kuma don me?

A miƙa amsoshi ga wakilin ƙungiya na ajinku kafin Juma'a. Wanda kuma ya gwada a gida, ya zo mana da labarin yadda tukunyarsa ta kaya.